Ki Shayar da Ita, Ki Tafi da Ita

Zuwa ga autata Zainabu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina gaida mai gidanki Malam Nura, da jikana abokin faɗana Muhammadu, da kuma ƙaramar baƙuwar da Allah ya saukar a hannunki. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ku a tafiyar da kuke shirin yi zuwa Jos, ya sauke ku lafiya, ya haɗa ku da maƙwabta na gari.

Kada ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya a hannun kowa. Kin san kunnena ya yi nauyi, numfashina kuma ba ya kai ni ƙarshen magana. Ke kuwa da zarar kin ji na tsaya jan numfashi sai ki cusa taki, kamar mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta. Takarda ba za ki iya katse ta ba. In kin ga layi ya karkace ki yi haƙuri, rabi tsufa ne, rabi kuma murna ce, domin rabona da jin zuciyata tana tsalle haka na manta.

Ga abin da na fahimta daga maganarmu. An tsinci jaririya a cikin kwali a bayan tashar manyan motoci ta Maigatari. Wata mai sayar da abinci ta kawo ta asibitin da kike aiki, cibiyarta ko bushewa ba ta yi ba. An sanar da mai unguwa da hakimi, an yi cigiya, babu wanda ya fito. Hukuma ta yarda ki riƙe ta. Amma har yau madarar gwangwani kike ba ta, alhali ga nono a jikinki kina shayar da Muhammadu, saboda Baffanki Haladu ya ce ranar da kika sa tsintacciya a nono kika haɗa ta da zuriyarmu, shi da gidana har abada. Sai kika ce mini, “Baba, ni zan tafi, Yaya Kabiru yana Legas, Umma ta rasu. In Baffa ma ya ɗauke ƙafa, wa zai zauna da kai?” Shi ya sa kika yanke shawarar mayar da ita hannun hukuma kafin motar kayanku ta zo.

Zainabu, kada ki mayar da ita. Ki shayar da ita, ki goya ta, ki tafi da ita. Wannan shi ne kan maganata. Sauran abin da zan rubuta dalilai ne, kuma mafi yawansu daga kurakuraina na samo su.

Lokacin da na fito daga kwalejin horon malamai, firamaren Gagarawa aka fara tura ni. A nan na tarar da wani malami, Bitrus, Kirista, mutumin kudancin Zariya. Dogo ne siriri, da wani tsohon keke da yake hawa ya zo coci nan Gumel duk ranar Lahadi, ya koma da yamma ƙafafunsa fari fat da yashi. Ɗakunanmu suna jere, don haka bayan la’asar mukan zauna ƙarƙashin darbejiya muna duba aikin yara muna musu. Ni a lokacin ji nake babu abin da ban sani ba.

Wata rana ina ba shi labarin yadda Larabawan jahiliyya suke binne ’ya’yansu mata da rai, har Musulunci ya zo ya hana. Ina faɗa ina hura hanci. Da na gama sai na ce, “To, ku fa? Me kuka taɓa yi wa yaro in ba zuba masa ruwa a ka ba?”

Bai ji haushi ba. Ya ajiye jan alƙalaminsa ya ce, “Malam Isiyaku, kai dai ba ka da dama. Gyara zama ka ji.”

Ya ce a zamanin Rumawa, idan aka haifi jariri, ran jaririn nan yana hannun ubansa. In ya so ya karɓe shi ya zama ɗan gida. In bai so ba, ko don mace ce, ko don an haife shi da nakasa, ko don bakunan ci sun yi yawa, sai a fitar da shi a ajiye a juji ko a bakin hanya. Ba a ɓoye ake yi ba, kuma babu alƙalin da zai kira uban. Wasu sanyi ya kashe su, wasu karnuka. Wasu kuma fataken bayi su kwashe, su rene su kamar yadda ake kiwon ɗan akuya, in sun tasa a sayar da su, matan a kai su gidajen banza. Manyan masu ilimi na zamanin suna gani, ba su ɗauke shi wani abin tashin hankali ba.

Ya ce sai ga wasu ’yan tsiraru, mabiya Annabi Isa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, talakawa da bayi da matan da mazansu suka mutu, waɗanda su kansu hukuma farautarsu take yi. Malamansu suka koya musu cewa mai imani ba ya kashe jaririn da aka haifa, ba ya yar da shi, ba ya lalata yaro ko da bawansa ne, uba kuma ba shi da izinin gallaza wa ɗansa har ya karya masa zuciya. Sun gaji wannan daga Bani Isra’ila, suka fito da shi kasuwa. Suna tuna wa juna cewa an taɓa kawo wa Annabi Isa yara, almajiransa suka so su kore su don kada su dame shi, ya hana, ya jawo yaran jikinsa. Kuma ba a baki suka tsaya ba. Sukan ɗauko jariran da aka yar, su raba su a gidajensu, mai nono ta shayar, mai hatsi ya ciyar. Sai da zamani ya yi nisa kafin sarakuna su fara kafa doka a kan abin.

Kin san me na ce masa? Na ce, “Tatsuniyar coci ke nan. Ƙurunƙus.” Na yi dariya, na tashi na yi alwala.

Wannan shi ne kuskurena na farko. Na ƙi gaskiya don ban so bakin da ta fito ba. Shekaru bayan haka, da aka tura ni ƙarin karatu, na ci karo da maganar a littattafan tarihi, kusan yadda ya faɗa. Na nemi Bitrus in ce masa ya yi gaskiya, aka ce an daɗe da mayar da shi gida, ban kuma sake jin ɗuriyarsa ba. Ni Musulmi ne, a kan haka nake roƙon Allah ya karɓi raina, kuma ni da Bitrus ba mu taɓa haɗuwa a aƙida ba. Amma da ina da hankali a ranar, da murna zan yi, domin abin da ya faɗa shaida ce cewa duk inda hasken annabawa ya sauka, yaro yana cikin waɗanda suke fara samun sauƙi. Jos za ki, za ki zauna da irin su Bitrus ƙofa da ƙofa, wata ma ita za ta riƙe miki yara in kina wurin aiki. Ki riƙe addininki da kyau, ki kuma buɗe kunnenki. In maƙwabciyarki ta faɗa miki gaskiya a kan ’ya’yanki, kada ki tsaya duba ko da ɗankwali take ko babu.

Kuma ki duba abin da ya hana ni zama wuri ɗaya tun ranar da kika kira ni. Labarin da na yi wa dariya ina saurayi, ga shi ya biyo ni har cikin gidana ina tsoho! Kwali a bayan tasha, juji a birnin Rum, mene ne bambancinsu? Kuma wadda ta miƙa hannu ’yata ce, autata, wadda ko kyankyaso ta gani sai ta haye gado. Wallahi da na ajiye wayar sai da na miƙe ba sanda na zagaya tsakar gida, har gwiwa ta tuna mini da shekaruna.

Kuskure na biyu ya fi na farko nauyi, ki karanta shi a natse, domin shi ne ya fi shafarki.

A ajina a Gagarawa akwai wata yarinya, Lantana. Kullum sai ta makara, kullum kuma sai na zane ta da tsumagiya. Haka aka koya mana, haka muka yi. Bitrus ba ya riƙe bulala, muna yi masa ba’a muna cewa yaransa za su haye kansa. Wata rana bayan na gama dukanta ya ja ni gefe ya ce, “Ka taɓa tambayarta abin da yake makarar da ita?”

Na ce, “Lalaci mana.”

Ya ce, “Dubi hannunta.”

Na duba. Tabon ƙuna ne, sabo a kan tsoho, irin na bakin itacen wuta. Ashe marainiya ce, ’yar riƙo a wurin goggonta. Ita ce ɗebo ruwa a rijiya, ita ce surfe, ita ce wanke-wanke, ’ya’yan gidan suna kwance. In ta gama ta rugo makaranta, ni kuma in tarbe ta da tsumagiya. Bitrus ya ce, “Kai ɗan ƙasa ne, in ka je wurin dagaci za a saurare ka. Ni baƙo ne, cewa za a yi na zo raba zumunci.” Na ce masa wannan harkar cikin gida ce, tsakaninta da goggonta, malami ba ya shiga. Dukan dai na daina, amma ƙafata ba ta taka ƙofar dagaci ba. Kafin ƙarshen shekara ta daina zuwa. Aka ce sun ƙetara Nijar. Ban san abin da ya same ta ba.

Goggon nan fa, ranar da ta ɗauki Lantana, yabonta aka yi. Aka ce ta rufa wa marainiya asiri. Nan ne nake so ki tsaya ki yi tunani. A labarin Bitrus ma, ba masu imani kaɗai suke zagaya juji ba, fataken bayi ma suna zagayawa, kuma da za ki gan su daga nesa, kowa jariri ya sunkuya ya ɗauka. Bambancin sai daga baya yake fitowa. Yau kowa zai ce Zainabu ta yi aikin lada. Jarrabawar tana gaba, ranar da yarinyar ta kai ɗaukar tsintsiya, kika dawo daga aiki a gajiye, ga Muhammadu ga ita, bakinki ya fi saurin kiran sunanta. Ba da mugunta ake farawa ba, da ɗan aike ake farawa. In ta yi shara, shi ma ya ɗebo ruwa. Makarantar da ya shiga ita ma ta shiga. In kin yanka musu yadin Salla, daga turmi ɗaya. In baƙi suka zo kada ki ce “yarinyar da muke riƙo,” ki ce “’yata.” In kin ga ranki ya ɓaci har hannunki yana ƙaiƙayi, ki fita tsakar gida ki sha ruwa tukuna. Kuma in kin ga tabo a jikin ɗan wani, a asibiti ko a unguwa, kada ki ce harkar cikin gida ce. Ki tambaya, ki je inda ya kamata a je.

Shi ya sa nake matsa miki a kan nono. Madarar gwangwani za ta raya ta, amma ba za ta ba ta dangi ba. In kin shayar da ita yadda shari’a ta tanada, ta zama ’yarki ta shayarwa, Muhammadu ya zama ɗan’uwanta, Malam Nura ya zama ubanta na shayarwa, ni na zama kakanta. In ta girma ba za ta riƙa ɓuya a gidan da ta tashi ba. Addininmu ya buɗe mana wannan ƙofa a sarari, kuma Baffanki ya san haka sarai, shi ya sa nonon yake tsoro, ba riƙon ba.

Na uku kuwa a cikin gidana na yi shi, kuma kin ga sakamakonsa da idonki ko da ba ki san mafarinsa ba. Muna Sule Tankarkar, ina hedimasta, Yayanki Kabiru yana koyon tafiya. Wata rana ina zaune a ƙofar gida da mutane, ya fito yana tangaɗi, ya nufo ni, ya kama bakin rigata yana ɗaga hannu in ɗauke shi. Ɗan fari ne, ga idon jama’a. Kunya ta kama ni, na ɗauke kai kamar ban gan shi ba, na ce a zo a shigar da yaron nan ciki. Mutanen wurin suka ji daɗi, suka ce Malam akwai kara. Haka na ci gaba. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa ɗora shi a cinya ba, magana tsakaninmu sai ta sakamakon jarrabawa. Ina son sa kamar raina, amma ta ina zai sani? Yau ga shi, yaron kirki, ba ya bari in rasa komai. Amma in ya kira ni sai ya ce, “Ranka ya daɗe, ya jiki?” in ce da sauƙi, ya ce, “Akwai abin da ake bukata?” in ce babu, sai mu yi shiru kamar mutum biyu da suka haɗu a layin asibiti. Ke kika zo a ƙarshe, lokacin da na gaji da kunyar, kika haye wuyana kika ja gemuna. Shi ya sa ke kike iya katse ni, shi ba ya iyawa.

Ban ce kunya ba ta da kyau ba. Amma yarinyar nan an riga an ɗauke mata kai sau ɗaya tun ranar da ta zo duniya. Kada a sake. Ki gaya wa Malam Nura, in ta rarrafo wurinsa, ko gwamna ne a zaune ya sunkuya ya ɗauke ta. Mutane za su yi magana. Wasu za su ce ai tasa ce ya yi a waje aka rufa masa asiri, har su ce hancinsu ɗaya. Ya yi dariya ya wuce. In ya nuna abin yana yi masa ciwo, sun samu abin taunawa ke nan.

Abu biyu kuma ku kiyaye. Kada ku jingina ta ga Malam Nura a matsayin uban da ya haife ta, addini ya hana, kuma ƙarya ba ta daɗewa. In ta yi wayo ku zaunar da ita ku gaya mata da bakinku, a hankali, kafin wata ta gaya mata a bakin famfo cikin faɗa. Ku ce mata ba ku san wadda ta haife ta ba, ba ku kuma san irin wuyar da ta kai ta ga haka ba, kada ku zage ta a gabanta. Na biyu, tunda ba ta cikin masu gado, ku yi mata tanadi tun kuna da rai, ku mallaka mata abin da zai zama nata a gaban shaidu. Ni ma na yi niyyar haka da ɗan abin da nake da shi.

To, saura maganar Baffanki, wadda ita ce ta tsaya miki a rai.

Ba zan yi miki ƙarya ba, zuwansa yana da daɗi. Tun rasuwar mahaifiyarki gidan nan ya yi mini girma. In Haladu ya zo bayan la’asar muka zauna a zaure, ya kawo mini labarin gari rabi gaskiya rabi ƙari, muka yi gardama a kan abin da ya wuce tun muna yara, sai in ji ranar ta yi amfani. Shi kaɗai ya rage wanda ya san ni da baƙin gashi. Amma ki saurare ni da kyau. Ban yarda ki sayi hirar la’asar ɗina da rayuwar yarinya ba. In kin yi haka, duk ranar da Haladu ya zauna a gabana ita zan riƙa gani, hirar ma ba za ta yi daɗi ba.

Kuma ban zauna ina jiran ki yanke ba, na riga na yi nawa. Jiya na aika aka kira mini Liman, na daidaita zuwansa da lokacin da Baffanki yake zuwa. Muka gaisa, na ce, “Allah gafarta Malam, suna gare ni ranar Juma’a da safe, a nan ƙofar gidana.”

Haladu ya ce, “Sunan wa? Wa ya haihu ban sani ba?”

Na ce, “Jikata ta Maigatari.”

Ya ce, “Yaya, tsufa ne ya fara taɓa ka? Yarinyar da ba a san ubanta ba, ba a san ko ranar da aka haife ta ba, ta ina za ka ƙirga kwana bakwai?”

Liman ya ce, “Wannan ba matsala ba ce, Alhaji. An ce cibiya ta faɗi, ai ta isa suna. Kuma wanda aka tsinta, haƙƙinsa yana wuyan al’umma duka, har da ni har da kai.”

Haladu ya ce, “Ni ban da ni. A kai ta gidan marayu mana, ba don haka aka gina shi ba? Gobe ta girma a ce jinin gidanmu ce, wa zai auri ’ya’yanmu?”

Na ce, “’Ya’yanka duk sun yi aure, Haladu, har da wadda muka yi zaton ba za ta samu ba.”

Liman ya ƙunshe dariya, ya ce, “To, wane suna za a raɗa mata?”

Kin san ban taɓa furta sunan mahaifiyarmu da bakina ba, haka ma Baffanki. Ko wata mai sunan muka haɗu da ita, sai dai mu ce mai sunan Inna. A takarda ma sai da na ja numfashi kafin in rubuta miki shi: Rakiya. Liman ya san ta, a hannunta ya sha fura yana yaro. Sai kawai na ce masa, “Sunan Inna za a sa mata.”

Zainabu, da kin ga fuskar Baffanki! Ya buɗe baki zai faɗi kalmar nan da yake kiran yarinyar da ita tun da aka fara maganar, kalmar ta ƙi fita. Ta yaya za ta fita? Daga ranar Juma’a duk wanda ya zagi yarinyar nan, mai sunan uwarsa ya zaga. Ya dube ni ya ce, “Yaya, wannan ba adalci ba ne. Ka ɗaure ni.”

Na ce, “Ban ɗaure ka ba. Ka tuna gidanmu muna yara? Akwai ranar da muka ci tuwo mu kaɗai ba ɗan wani a akushin? Da tana raye, kai ka san a bayan wa yarinyar nan za ta kwana.”

Ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya sa takalmi ko sallama babu. Na ce a raina shi ke nan, na rasa ɗan’uwa. Sai da ya kai bakin zaure ya juyo, fuska a murtuke, ya ce, “Me ka tanada na yanka?”

Na ce, “Akwai ’yar akuyar nan ta bayan gida.”

Ya ce, “Akuya? Sunan Inna za ka yanka wa akuya, mutane suna kallo? Kada ka kuskura. Ranar Alhamis zan shiga kasuwar Maigatari da kaina in zaɓo rago. Ba don kai ba, ba kuma don ita ba.” Ya fice.

Yau na shimfiɗa masa tabarma bayan la’asar, bai zo ba. Na zauna ni kaɗai har aka kira magariba. Ban sani ba ko fushin na kwana kaɗan ne ko mai daɗewa ne, Haladu tun yana yaro in ya yi zuciya sai ya ga dama yake saukowa. In ya dawo, alhamdu lillahi. In bai dawo ba, zan ji zafi, ba zan ɓoye miki ba, amma zafi ne da zan iya ɗauka, kuma ni na zaɓe shi da hankalina, ba ke kika ɗora mini ba. Don haka ki cire ni daga lissafinki.

Na so a ce amarya na samu, in riƙa tsokanarta ina cewa ta ƙi yi mini tuwo, ga shi na ɓuge da samun uwa, dole in riƙa gaishe ta da ladabi. Ku biyo ta Gumel ranar sunan kafin ku ɗauki hanya, ku kawo mini Inna in gan ta. Hannuna ba shi da ƙarfi, amma in na zauna na jingina da bango zan iya riƙe ta, kuma a ƙofar gida zan riƙe ta, gaban duk wanda ya zo cin goro.

Amma kada ki jira Juma’a. Da kin kai ƙarshen takardar nan, ki ajiye gwangwanin nan, ki yi bisimilla, ki sa ta a nono.

Allah ya sa albarka a nonon, ya ishe su su biyu. Allah ya raya Inna da Muhammadu bisa tafarkin gaskiya, ya sa su zama sanyin idonku. Allah ya yafe wa wadda ta haife ta, ya shirye ta duk inda take. Allah ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin baki, ya kai ku Jos lafiya, ya sa ku zauna da kowa lafiya. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini. Allah ya yi miki albarka.

Wassalam.

Mahaifinki,
Malam Isiyaku, Gumel